Ɗana zai tafi karatu Shikago, kawunsa ya ce ya nemi bindiga

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce daga Zariya, malamar sakandare mai ritaya. Ɗana na biyu ya samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a birnin Shikago na Amurka, biza ta fito, saura wata biyu ya tafi. Maimakon in yi murna, barci ya ƙaurace mini. A zauren WhatsApp na danginmu kusan kullum sai an turo bidiyon harbe-harbe, har aka rubuta cewa a gundumar Cook, inda birnin yake, an kashe sama da mutum 1,000 a shekara ɗaya, kuma wai abin ƙaruwa yake yi. Ƙanena da ke tuƙin babbar mota a wata jiha a can ya ce masa da ya sauka ya nemi 'yar ƙaramar bindiga, wai kowa da ita yake yawo. Wata maƙwabciyata kuma ta yi mini hanyar wani mai maganin bindiga, ya yanka kuɗi masu yawa. Na koyar da lissafi shekara 30, na san bambancin adadi da kaso, saboda haka kada a ɓoye mini komai. Da gaske laifi ƙaruwa yake yi a can? In hana shi tafiya ne, ko in bar shi ya bi shawarar kawunsa?

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai shi lafiya, ya dawo miki da shi lafiya. Tunda kin ce kada a ɓoye miki komai, ga amsar tun daga farko: ki bar yaron nan ya tafi, kada ki ba mai maganin nan ko sisi, kuma ki kira ƙanenki ki ce ya janye maganar bindiga. A duk wasiƙarki ita ce ta tayar mini da hankali, ba adadin da aka turo miki ba.

Adadin gaskiya ne, amma ya kwana biyu. A 2021 ofishin likitan binciken gawa na gundumar Cook ya ƙirga kisan kai sama da 1,000, abin da rabon a gani tun 1994. Shekara ce mai nauyi, mu da muke zama gaban alƙaluman nan kullum ba za mu manta da ita ba. Sai dai wanda ya turo miki bai gaya miki abin da ya biyo baya ba. A cikin birnin Shikago kaɗai, 'yan sanda sun sanar da kisa 797 a 2021, sai 695 a 2022, sai 617 a 2023, sannan 573 a 2024. A 2025 saukar ta ƙara ƙarfi, har watannin zafi uku, Yuni zuwa Agusta, suka zama mafi ƙarancin kisa tun 1965. Ki raba da mutum miliyan 2.7 da ke birnin, za ki ga an sauko daga wajen 29 cikin kowane mutum 100,000 zuwa wajen 21 cikin shekara uku. Ashirin da ɗaya ma ya yi yawa, ba na yaba shi, ya ninka na New York fiye da sau huɗu. Amma duk wanda ya ce miki abin hawa yake yi, bai buɗe littafin ba.

Kuma ba yau aka fara wannan hawa da sauka ba. A 1974 an kashe mutum 970 a birnin. Farkon shekarun 1990 ana haura 900. Zuwa 2013 da 2014 an dawo 400 da 'yan kai, a 2016 aka yi tsalle sama da 750, a 2019 aka koma wajen 500, sai 2020 ta zo, shekarar korona, kisa ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a faɗin Amurka baki ɗaya, Shikago ta tashi tare da kowa. Sunanta ya fi fitowa ne saboda girmanta. A 2020 birnin St. Louis, mai mutum kimanin 300,000, ya yi kisa 263, wato kusan 88 cikin kowane 100,000, ninki uku na Shikago, amma na tabbata ba a taɓa turo miki bidiyonsa ba.

Idan kika ga alƙaluma biyu sun saɓa, kada ki ɗauka ɓoye wani abu ake yi. Ofisoshin ne kowa da ma'auninsa, kuma wannan yana ba ni haushi ƙwarai. Likitan gawa yana ƙirga duk wanda ya mutu a hannun wani, ko da kare kai ne, ko ɗan sanda ne ya yi harbin. 'Yan sandan birni ba sa sa waɗannan a lissafinsu, kuma wanda aka harbe a kan babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar birni ba nasu ba ne, na 'yan sandan jiha ne. Wanda aka harba a Disamba ya cika a Fabrairu, sai a koma a gyara adadi. A 2021 kuma FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, ta sauya tsarin karɓar rahoto ba tare da ta jira kowa ya shirya ba, dubban ofisoshin 'yan sanda ba su aika komai ba, har da na New York da Los Angeles. A irin wannan giɓin ne masu jita-jita suke shimfiɗa tabarmarsu.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Gundumar Cook ba irin gundumar hakimi ba ce. A ƙidayar 2020 tana da mutum sama da miliyan 5.2, ita ce ta biyu a Amurka bayan ta Los Angeles, kuma a cikinta akwai Shikago da wasu garuruwa fiye da 130. Birnin yana da kusan rabin mutanen gundumar amma kimanin kashi uku cikin huɗu na kisan a cikinsa ake yi. A arewa akwai garuruwan masu hali irin su Winnetka da za su yi shekaru ba a kashe kowa ba. A kudu akwai Harvey, ɗan gari mai mutum kimanin 20,000, da kasonsa a 2021 ya zarce na Shikago nesa ba kusa ba. Adadi ɗaya ne ya haɗa su duka. Kin san yadda ake haɗa makin aji a raba, a samu 50, alhali rabin ajin 90 suka ci, rabi kuma 10, babu yaro ko ɗaya da ya ci 50. To, haka adadin gunduma yake.

A cikin birnin ma haka. An raba shi unguwanni 77. West Garfield Park, mai mutum kimanin 17,000, ta haura kisa 100 cikin kowane 100,000 a shekarun da abin ya yi tsanani, yayin da Lincoln Park, mai mutum wajen 70,000, ake ƙirga nata da yatsun hannu. Idan na buɗe taswirar harbe-harbe a kwamfuta, ɗigon ja yana taruwa ne a yamma, wajen Garfield Park da North Lawndale da Austin, da kuma kudu, wajen Englewood da Greater Grand Crossing. Idan na ƙara matso da taswirar, sai in ga ko a cikin waɗannan unguwannin ma ɗigon yana bin wasu 'yan kwanoni ne, gaban wani shago, bakin wani gidan mai, layin da ke bayansu kuma fes, tsofaffi na zaune a baranda. Wani masanin binciken laifuka, David Weisburd, ya nuna haka tun da daɗewa a birnin Seattle: kusan rabin laifukan gari a kan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na layuka suke aukuwa. Wani masanin kuma, Andrew Papachristos, ya bi mutanen da kansu a Shikago, ya gano kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka harba suka rayu suna cikin wata zarge ta mutanen da aka taɓa kamawa tare, wadda ba ta kai kashi 6 cikin 100 na mutanen birnin ba. Mafi yawan harbin nan tsakanin waɗanda suka san juna ne, ramuwar gayya, faɗan kwana, zagin da aka yi a Facebook ko Instagram.

A nan zan ɗan ja kunnen 'yan uwanmu da ke can. Wasunmu suna zuwa su riƙa yi wa baƙaƙen Amurka na waɗannan unguwannin kallon raini. Ba daidai ba ne. Mafi yawansu ma'aikata ne, direbobin bas, masu jinya, iyaye irinki da ba sa barci sai ɗansu ya shigo gida. Unguwanni ne da aka ware su a ciki, bankuna suka ƙi ba su bashin gida, masana'antu suka rufe suka bar su, a 2013 aka rufe makarantun gwamnati kusan 50 a lokaci ɗaya, akasari a yankunansu. Su ne suke binne 'ya'yansu, kuma su ne suke fita cikin dare suna shiga tsakani don kada a rama.

Ba zan ce miki babu haɗari ga ɗalibi ba. A Nuwamba 2021 an harbe wani matashi ɗan ƙasar Sin, wanda bai daɗe da kammala digirinsa ba, da rana tsaka a unguwar Hyde Park, wajen ƙwace masa kaya. Abin ya girgiza ɗaliban ƙasashen waje, kuma ya cancanci ya girgiza su. Irin wannan yana faruwa, amma bai cika faruwa ba, shi ya sa har yau ake tuna shi.

To, mu zo kan bindiga, don kusan babu satin da zai wuce ban ji wannan maganar daga bakin ɗanmu ba. Tunanin shi ne: gari ya lalace, harsashi ba ya zaɓe, kowa na da ita, dokar ƙasa ta ba kowa dama, saboda haka wanda ba shi da ita shi ne nama. Kowane ɓangare na wannan tunanin kuskure ne, kuma kuskure ne da ke kai mutum kurkuku ko kabari.

Na farko, dokar ba ta ba ɗanki dama ba. Dokar tarayya ta haramta wa wanda ya shiga Amurka da biza ta wucin gadi, irin ta ɗalibai, ya mallaki bindiga ko harsashi. Ba sai ya saya ba. Ajiye ta a ɗakinsa, sa ta a mota, riƙe wa aboki ita na dare ɗaya, duk mallaka ce a idon doka. Tun 2022 hukuncin wannan laifin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15. Idan an same shi da laifin bindiga, dokar shige da fice ta ba da damar a tasa ƙeyarsa gida, kuma wannan har mai katin zama na dindindin yana shafa. Akwai 'yar ƙofa da aka bari ga mai lasisin farauta, kuma a nan ne masu ba da fatawar doka a TikTok suke yaudarar yara, su ce sayi lasisin farauta a intanet shi ke nan. Ba sa gaya musu cewa jihar Illinois, inda Shikago take, tana da tata katangar. Tun 1968 babu mazaunin jihar da zai riƙe bindiga ko harsashi sai da katin da ake kira FOID, wanda 'yan sandan jiha ke bayarwa, kuma suna da nasu sharuɗɗan kan masu biza. Yawo da ita a jiki kuma wani lasisi ne daban, sai mai shekara 21, sai an yi horo na awa 16, kuma Illinois ce jiha ta ƙarshe da ta yarda da shi, a 2013. Ko mai wannan lasisin ba zai shiga da ita harabar jami'a ba, ba zai hau bas ko jirgin cikin gari da ita a ƙugu ba. To ɗalibin da rayuwarsa duka daga ɗaki zuwa jirgi zuwa aji ce, a ina zai riƙe ta bisa doka?

Akwai shari'ar da ake kira Rehaif, wadda ta kai har Kotun Ƙoli a 2019. Ɗalibi ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a jihar Florida. Makaranta ta sallame shi, izinin zamansa ya mutu, ya je filin koyon harbi ya yi harbi. Bai yi wa kowa fashi ba, bai nuna wa kowa bindiga ba. Aka yanke masa wata 18. Daga baya Kotun Ƙoli ta ce dole sai masu ƙara sun tabbatar ya san matsayin zamansa ya hana shi, amma kafin a kai nan shekaru sun tafi.

Ban ce ƙanenki mugun nufi ne da shi ba, so ne. Amma mai yiwuwa shi ya zama ɗan ƙasa ko yana da katin zama, kuma yana zaune a jiha irin Texas da ta daina neman lasisin yawo da bindiga a 2021, ko Indiana da ta bi sahu a 2022. Abin da yake halal gare shi a can, laifi ne babba ga ɗan 'yar'uwarsa a Shikago. Idan kuma ya ce zai sayo da sunansa ya ba shi, su biyun ne suka shiga uku, don sayen bindiga a madadin wanda doka ta hana laifin tarayya ne mai zaman kansa. Ta wannan hanyar ce ma bindigogi suke malalowa birnin. Rahoton da hukumomin Shikago suka fitar a 2017 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na bindigogin da aka kama a wajen laifi daga wasu jihohi aka sayo su, Indiana ce kan gaba. 'Yan sanda sun san hanyar sarai, ita suke sa wa ido.

Wata Juma'a cikin hunturu, bayan an sallame, wani yaro ya tsaya mini a wajen ajiye takalma. Ɗalibi ne, bai fi wata biyar da zuwa ba. Kwana uku kafin nan wasu samari biyu suka tare shi a hanyarsa daga tashar jirgi, suka nuna masa bindiga, suka karɓe waya da jaka. Yana magana leɓensa na rawa, kuma ba sanyi ba ne. Ya ciro wayar aro ya nuna mini hoton ƙaramar bindiga baƙa a kan kujerar mota, ya ce wani da suke aiki tare zai sayar masa, babu takarda babu komai. Ya ce, “Baba, ba zan sake tsayawa kamar rago ba.” Na zaunar da shi a kan benci na tambaye shi: a daren nan, lokacin da ka ga bakin bindiga a ƙirjinka, da taka tana cikin aljihun wannan rigar sanyin, kana da safar hannu, daƙiƙa nawa za ka yi kafin ka zuge zif ka ciro ta? Ya yi shiru. Na ce kuma wannan da ake so a sayar maka, ka san inda ta kwana? Idan an taɓa kashe wani da ita, gwajin kwanson harsashi zai nuna, kuma a hannunka za a same ta. Bai saya ba. Ya gama karatunsa. Waya ce kawai ya rasa.

Wannan shi ne kuskure na biyu, zaton cewa tana kāre mutum. Ɗan fashi shi ya zaɓi lokaci, shi ya zaɓi wuri, tasa tana hannu kafin ka san da shi. Abin da yake so waya ce da kati. Da zarar ka kai hannu ƙugu, ka mayar da fashi musayar wuta, kuma shi ne ya riga ka. Wani bincike da Charles Branas da abokan aikinsa suka buga a 2009 kan birnin Philadelphia ya gano waɗanda ke ɗauke da bindiga sun fi fuskantar harbi wajen sau huɗu da rabi idan an kai musu hari. Masana sun yi muhawara a kansa, don wasu masu ɗaukar ta dama can cikin rigima suke. Amma ko an rage adadin, ba za a juya shi ya zama hujjar cewa ɗalibin da bai taɓa harba komai ba zai tsira da ita. Garin neman ƙiba ne a samo rama. Ƙari a kan haka, ɗanki baƙar fata ne, saurayi. Ɗan sandan da ya iso wajen rigima ya gan shi da bindiga a hannu ba zai tsaya tambayar wace jami'a yake ba.

Kuskure na uku shi ne wanda ba ma son faɗa a tsakaninmu. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka. Fiye da 26,000 daga cikinsu su suka harbe kansu, wato sun fi waɗanda wani ya kashe yawa. Na san za ki ce ɗana musulmi ne, ya samu tarbiyya, kuma na yarda. Amma ki hango yaro shi kaɗai a ɗaki, a Disamba, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu da rabi, sanyi ya hana fita, ya faɗi jarrabawa, kuɗin haya ya ƙare, yana jin kunyar ya gaya wa gida. Damuwa cuta ce, tana kama mai salla kamar yadda zazzaɓi ke kama shi. Mugun tunani yakan zo ya wuce cikin minti kaɗan idan babu abin aikatawa a kusa. Idan akwai bindiga a durowa, ba a samun damar yin nadama. Ko don wannan kaɗai ba na so a ajiye ta a ɗakin ɗalibin da ke nesa da uwarsa.

Mai maganin bindiga kuwa, Hajiya, ɗan damfara ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Jaridunmu sun sha kawo labarin waɗanda aka gwada wa maganin aka kwashi gawarsu nan take. Ba kuɗin da zai ci ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, yaron da aka ɗaura wa guru aka ce ƙarfe ba ya cin sa zai tsaya gardama da mai bindiga a kan waya. Addu'arki ta uwa, da azkar ɗin safe da yamma, da addu'ar fita daga gida, babu mai sayar miki da su. Kuma ƙulle-ƙullen gari da fatar dabba a jaka wahala za su jawo masa a hannun jami'an kwastan. Ko kilishi kada ki sa masa, ba a shiga da nama, ƙwacewa ake yi, wanda ya ɓoye kuma a ci shi tara.

Abin da ya fi kusa da ɗalibi shi ne ƙwace, sata da damfara, kuma nan alƙaluma ba su tafi tare da na kisa ba. A 2023, lokacin da kisa ke sauka, fashi a kan titi ya ƙaru, har a unguwannin arewa da ake ganin lafiya lau. Satar mota ta kai wajen 29,000 a shekarar, saboda an gano wasu motocin Kia da Hyundai na 2011 zuwa 2021 ba su da na'urar hana tayarwa ba da makulli ba, yara suka yi ta koya wa juna a bidiyo. A 2024 duka biyun sun sauka. Ki kuma sani alƙaluman ƙwace da sata ba su kai na kisa inganci ba, don gawa ba ta ɓoyuwa amma waya takan tafi shiru. Binciken da gwamnatin Amurka ke yi gida gida tun 1973 yana nuna fiye da rabin laifukan cin zarafi ba a kai su gaban 'yan sanda, na dukiya kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ake kaiwa. Mutanenmu suna cikin masu yin shiru, wai kada a taɓa musu biza. Ɗalibin da takardunsa suke daidai, kai ƙarar an yi masa fashi ba ya taɓa bizarsa. Ya kira 911, lambar kiran gaggawa, idan abin na faruwa, ya karɓi lambar rahoto, don ita za a nema idan fasfo ko kati na cikin abin da aka ɗauke.

Dokar ƙwace ɗaya ce da ta Kano: a ba su wayar. Kada ya bi su, kada ya yi gardama, kada ya sa hannu a aljihu ba tare da ya faɗi abin da zai ciro ba. Kada ya toshe kunnuwansa biyu yana tafiya cikin dare. Idan jirgi ya yi fayau da tsakar dare ya shiga taragon farko, kusa da direba. Akasarin manyan jami'o'in birnin suna da motar da ke kai ɗalibai gida da dare, ya yi amfani da ita, ba abin kunya ba ne. Duk wanda ya kira shi a waya ya ce daga ofishin shige da fice ne ko na haraji, za a kama shi yau idan bai biya da katin kyauta na kanti ba, ɓarawo ne, ya kashe wayar. Wannan kiran ya cinye kuɗin ɗalibanmu fiye da bindiga.

Babban abin da zai yanke yawan haɗarinsa shi ne inda zai kama ɗaki, kuma a nan ne araha ke cutar mutanenmu. Kada ya biya ko dala ɗaya kan ɗakin da ya gani a hoto kawai. Shekarar farko ya zauna a masaukin jami'a ko wanda ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya sani. Idan zai fita waje, birnin yana da shafin bayanai a intanet da ke ɗauke da laifukan da aka kai rahoto tun 2001, layi layi. Ya sa sunan titin ya duba wata goma sha biyu da suka wuce, ya kalli harbi da fashi, ya ƙyale jimillar unguwa. Kowace jami'a kuma dokar Clery ta 1990 ta wajabta mata fitar da rahoton laifukan harabarta kafin 1 ga Oktoba na kowace shekara. Ki ce ya turo miki, ke da kanki za ki iya karanta shi. Akwai 'yan Najeriya da Gana da dama a Rogers Park da Uptown da Edgewater, akwai masallatai, kuma a titin Devon zai samu naman halal da shinkafa da yaji. Ya nemi mutane tun satin farko.

Bidiyon zauren dangi kuma, ki riƙa tambayar mai turowa shekara da wuri. Harbin da aka yi ranar 4 ga Yuli 2022 a Highland Park, wanda ya ci mutum bakwai, har yau yana yawo da sunan Shikago, alhali garin ba ya ma cikin gundumar Cook, a gundumar Lake yake.

Idan kawunsa yana so ya yi masa wani abu, akwai. Ya saya masa rigar sanyi mai kauri wadda ta sauko har gwiwa da takalmin ƙanƙara kafin Nuwamba, ya je ya ga ɗakin da idonsa idan hanya ta biyo da shi, ya kuma riƙa kiransa duk ranar Lahadi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.